Kurma da Garmahon Inna

Duk layin masu gyara babu wanda bai san Baba Masaƙa ba, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa shan kunya a hannunsa ba. Shagonsa, in ma za a kira shi shago, wani ɗan lungu ne tsakanin mai walda da Mai Ɗinki, in ka miƙe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango. Tebur ɗaya, kujera mai ƙafa uku da rabi, sai gwangwanin madara cike da kusoshi. Kayan aikinsa kaf a aljihun riga suke shiga: sukudireba biyu, filaya, reza, tsohon buroshin haƙori da guntun alli.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a masaƙa yana kula da injuna, har ƙararsu ta cinye masa kunne. Ranar da aka rufe masaƙar ya fito da agogon hannu na sallama da kurumta, iyakar ladan ke nan. Amma fa abin da kunne ya rasa, yatsa ya gada. In ka kawo masa fanka ko keken ɗinki ba ya tambayar ka abin da ke damun sa, ko ka faɗa ma iska ka gaya wa. Kunnawa zai yi, ya ɗora yatsu uku a jikin abin, ya lumshe ido, can sai ya ɓarke da muryar nan tasa da ake ji har bakin titi: "Wane azzalumi ne ya zuba wa wannan man girki?" Kai da ka zuba kuwa sai ka hau sosa ƙeya.

Mai Ɗinki ta fi kowa sanin halinsa. Shekara goma sha biyu suna maƙwabtaka, shi ke duba mata keke, ita ke yi masa facin aljihun da sukudireba ke hudawa duk wata. In za ta yi masa magana sai ta tsaya gabansa ta faɗa a hankali yana kallon bakinta, in ta gagara ta rubuta da alli a tebur. Duk da wannan sabo, sai da ta haura shekara hamsin da biyu a duniya kafin ta iya kawo masa abin da ke cin ranta.

Ita ba ta san muryar ubanta ba. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aka tura shi horo wata ƙasa mai nisa tana jaririya. A can ya shiga wani ɗan ɗaki irin wanda mutum ke magana a naɗa masa a faifai nan take, ya aiko wa matarsa da wasiƙar baki. Ya dawo bai rufa shekara ba, zazzaɓi ya ɗauke shi. Abin da ya bari ke nan: garmaho mai akwatin katako, da ɗan faifai baƙi wanda bai fi murfin tukunya ƙarama ba. Wanta kuwa, sarkin ƙiriniya, da ya ga allurar na tsalle sai ya ɗaura wa kan hannun garmahon ƙaton notin ƙarfe don allurar ta zauna. Ta zauna ɗin, ta yi ta noman faifan kamar garma. Daga baya injin ma ya tsaya cik. Inna, uwarsu, ta naɗe faifan a zane ta jefa ƙasan akwati, ta ce duk wanda ya sake taɓa shi ita da shi ne.

Yanzu Inna ta tasam ma tamanin, ido ya yi rauni, ƙafa ta ƙi. Wata safiya tana shan shayi sai ta ce, kamar da wasa, "Ke, ɗauki abin nan ki kai wa kurman naku. In na tafi, wa zai ji muryar ubanki ya gaya miki ko shi ne?"

Mai Ɗinki ta dire garmahon a teburin Baba Masaƙa. Ya buɗe murfin, kyankyasai biyu suka fito suka kama gabansu. Bai ko kalle su ba. Faifan ya ɗauka da gefen tafukansa, ya kai bakin ƙofa, ya karkata shi ga rana ya daɗe yana duba.

"Wannan ba irin na kanti ba ne," ya faɗa da ƙarfi, har mai walda ya leƙo. "Fenti ne mai laushi a kan kwano. Duk sawa ɗaya allura na kankare shi. An riga an cinye rabinsa. Saura sawa biyu, maƙwabciya. In Allah ya so ki, biyu."

Ta rubuta a tebur: zai gyaru?

"Ina ruwanki? Je ki yi ɗinkinki."

Ina ɗinki! Mako uku tana taka keke ido na lungun Baba, har ta haɗa wa wata mata hannun riga a baibai. Abin da ta gani kuwa, wallahi ko a bakin wani ta ji da ta ce ƙari ne. Ya warware garmahon gaba ɗaya, ya jera kusoshin a kwali, kowace ya zana mata gida da alli. Tsohon man da ya daskare kamar ƙaro ya wanke da kananzir da buroshin haƙori, ya ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu, ba uku ba. Robar da ke haɗa injin da farantin da faifai ke zama a kai ta narke tuntuni, kuma babu inda ake sayar da irinta. Sai ya samo tsohon tiyub na keke, ya kwantar da rula ya yanka da reza. Ya yanka goma sha ɗaya yana zubarwa. Ita dai duk iri ɗaya take ganin su, shi kuwa da ya ja tsakanin yatsu sai ya yi tsaki ya ce wannan tana da ciki, waccan ta rame a gefe. Ta goma sha biyu ce ta ci jarrabawa.

Bai tsaya a mayar da shi yadda yake ba. Ya ce hannun na asali ya yi wa wannan faifai nauyi, ko babu notin ɗan banzan yaron nan. "Yaron" fa yanzu jikokinsa huɗu. Ya tone wata sabuwar allura daga cikin tarkacen wani mai gwangwan, ya ɗaura ƙarfe a bayan hannun don ya rage wa kan nauyi. Ma'auninsa ya fi ba ta mamaki. Ya gicciya rula a kan fensir, ya karɓi maɓallan riga uku a wurinta ya ɗora a gefe ɗaya, ya saukar da allurar a ɗaya gefen, ya yi ta matsa ƙarfen da ƙumba har rular ta tsaya daidai. Wuni guda ya ci a kan wannan kaɗai.

Saura gudu. A takardar tsakiyar faifan an rubuta arba'in da biyar, wato juyi arba'in da biyar a minti. Ya ɗiga alli a gefen farantin, ya ajiye agogonsa, ya yi ta ƙirga leɓɓansa na motsi. Faifan Inna kuwa ko kusa bai bari ya hau ba. Wani tsohon faifan kiɗa ya samo na gwaji, ya ciji gindin fensir ya dafa tsininsa a jikin akwatin. Ta zaro ido, ya yi murmushi fensir a baki, ya nuna haƙoransa. Ta nan yake ji. Ranar ta koma shago, "ikon Allah" kawai take maimaitawa.

Da rana tsaka suka kai garmahon ɗakin Inna. Ɗaki ne ƙarami, gado da kabad da taga ɗaya mai labulen da Mai Ɗinki ta ɗinka tun tana koyo. Baba ya gaida tsohuwa da ihu, ta ce, "Kai, ni ba kurma ba ce, kai ne." Bai ji ba, ya ce lafiya lau. Mai Ɗinki ta kunna wayarta ta ajiye a kan matashi don ta naɗi komai. Ya saukar da allura.

Ƙara ta fara, shuuu, kamar ana suya. Sai wata 'yar murya siririya ta fito tana zuba magana da sauri.

Inna ta yamutsa fuska. "Wannan wace yarinya ce? Ba shi ba ne. Ku kashe."

Baba bai ji ta ba, amma ya ga fuskar, kafin ta rufe baki ya ɗage hannun. Ya duba tsinin allurar: baƙin gari ya taru a kai. Mai Ɗinki ta ƙura wa faifan ido. Shekara hamsin tana jira, ga shi an ƙona sawa ɗaya a banza, kuma ita da ta ji muryar har ta fara shirin kuka, ashe kukan baƙo za ta yi.

Ya sake ƙirga juyin da agogo. Arba'in da biyar cif. Ya zauna a ƙasa ya riƙe haɓa, sai can ya buga cinya.

"Ba laifin nawa ba ne! Injin da ya yanka faifan ne rago. Ranar yana tafiyar hawainiya, shi ya sa nawa mai gaskiya ya zama mai gaggawa. Sai an rage."

Ta tsuguna gabansa. "A rage nawa?"

"Wa ya sani? Mai injin ya mutu, injin ya mutu. Babu agogon da ya san wannan lissafi." Ya nuna Inna da haɓa. "Ita kaɗai ta sani. Ita kunne, ni hannu. Juyo min da ita wajen taga."

Suka gyara wa Inna zama, haske ya sauka a fuskarta. Ya ce kada ta yi magana, kada ta ɗaga hannu, ta saurara kawai. Ya murza alli a ɗan yatsansa manuni har ya yi fari. Ya durƙusa, ya kafa gwiwar hannu a kan tebur, ya saki allura, sannan ya kai yatsan gefen farantin da ke juyawa ya taɓa shi, taɓawar da ko ƙuda ba za ta kora ba. Idonsa ba ya kan garmaho. Yana kan tsohuwa.

Muryar ta fito siririya kamar ɗazu, sai ta fara sauka. Ta yi kauri, ta ƙara kauri, har ta zarce ta koma gurnani. Girar Inna ta haɗe. Ya sassauta. Ta ɗan haura. Gaisuwar farko duk ta tafi a wannan nema, kuma Mai Ɗinki ta san ta tafi ke nan har abada. Sai ta ga hannun uwarta ya tashi da kansa ya gyara ɗankwali, yadda mace ke yi in ta ji sallamar maigida. Nan Baba Masaƙa ya tsaya. Ya daskare, ko numfashinsa ba a gani.

Namiji ne, matashi, mai ɗan sanyin murya. Yana cewa sanyin garin nan ya ishe shi, ya saya mata lema mai ruwan ganye, kuma a gaya wa kafinta ya duba rufin kicin kafin ruwa ya sauka. Ya yi tari. Inna ta ce a hankali, "Ka ji shi, ba ya sa rigar sanyi."

"Ƙaramar fa?" in ji muryar. "An ce ta fara rarrafe. Ki riƙa sa mata faifan nan tana ji, kada in dawo ta gan ni ta sa kuka, ta ce wane ne wannan ƙato." Sai ya yi dariya, wata irin dariya mai fita sau uku ta tsaya, sannan a ja numfashi da ƙara kamar an shaƙe.

Minti ɗaya da rabi ne duka. Minti ɗaya da rabi mutumin da bai ji ko harafi ba ya riƙe muryar a kan yatsa ɗaya, ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Da allura ta kai tsakiya ya ɗage ta. Faifan ya koma toka-toka, layukansa sun shafe. Gefen yatsan Baba ya yi ja, fatar ta saluɓe, gumi na ɗiga daga gemunsa. Mai Ɗinki ta dube shi, tsoro da girmamawa suka cika ta, don ta san abin da ta gani yau ba za ta sake ganin irinsa ba.

"Shi ne?" ya tambaya da ihunsa. "Ku gaya min mana! Shi ne?"

Ta buɗe baki ta amsa, hawaye suka riga ta. Ganin tsoho durƙushe yana hura yatsa yana zare ido sai dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kukan. Ta fita sau uku ta tsaya, ta ja numfashi da ƙara. Sai ta ji kanta. Ta toshe baki da hannu biyu, ta juya ta kalli uwarta.

Inna na share ido da bakin zane. "To, yau kin gane," ta ce. "Tun kina 'yar mitsitsiya, in kika fara wannan dariyar nake tashi in shige kicin, kina cewa na tsane ki. Sauke hannunki ki yi abarki. Yau ba inda za ni."