Hadis a Kife

A hutun shekarata ta biyu a jami'a wutar dumso, mai zuwa tana ɗaukewa, ta ƙona tsohuwar kwamfutar gidanmu a Nima. Ba injin ya dame ni ba. A cikin faifan ajiyarta, wanda mu da masu gyara muke kira hadis, akwai muryar marigayi kakana yana karantar da ɗalibai a zaure. Ni na kwashe ta daga kaset, kaset ɗin kuma damina ta cinye su. Babu kwafi ko ɗaya.

Na sayo wata tsohuwar kwamfuta a Tudu don in mayar da faifan ciki. Mai shagon ya ce min, "Yadda ka same shi, haka za ka ɗaura shi. Tsohon hadis ba ya son canji." Na so in tambaye shi dalili, kunya ta hana ni.

Da na kwance murfin ƙonanniyar a tsakar gida, sai na ga faifan a kife yake, takardarsa na kallon ƙasa. Na zana shi a littafina, na jera sukurori huɗu a murfin kwalba. Ban san na yi magana a fili ba.

"Hadis ɗin a kife yake."

Kakata, matar marigayin, tana tsince shinkafar wake. Ta ɗago.

"Hadisi? A kife? A gidan Malam?"

"Hajiya, ba wannan hadisin ba. Ƙarfe ne."

"Me ke ciki?"

"Karatun Malam."

"To! Ka yi boko har ka fi ni sanin hadisi? Juya shi, maigidana."

Na karanta cewa faifai yana aiki ko ta wace fuska, in dai an ɗaure shi sosai. Amma abin da na karanta bai san wannan faifan ba, mai shekaru yana juyi a kife. Hajiya kuwa ta ajiye tire, ta zuba min ido.

Na juya shi, takarda sama, na ɗaura shi a kwamfutar da na sayo. Sukuru ɗaya ya faɗi sau biyu saboda gumin hannuna. Na danna maɓalli. Fanka ta tashi. Faifan ya yi ƙas, ya yi shiru. Sannan ya ɗauki juyi.

Da na kunna karatun, tarin Malam ne ya fara fitowa, kafin bisimilla.

"Ka gani?" in ji Hajiya. "Da ma numfashi yake nema."

Ina ta laluben filas ɗin kwamfuta a aljihu, in kwafe muryar kafin a sake ɗauke wuta.