Ramar ɗan kawuna da na yi wa jinya

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe ta karatun aikin gona a Lyon, kawuna ya kira ni wata Laraba da hantsi. Ƙanin mahaifiyata ne, ya daɗe a Faransa, yana da mangaza a Aubervilliers inda yake sayar da atamfa da takalma a kan sari. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan, kuma a gidansa na yi wata huɗu kafin na samu ɗaki. Mutum ne da in ya kira, ko da sabulu a fuskata sai na ɗauka.

Bayan mun gaisa ya ce, "Kai ne likitan shuka, ko? To ga marasa lafiya shida a gidana. Ka zo ran Asabar."

Ga yadda abin yake. Kawu yana da ɗa namiji guda, haifaffen nan, shekararsa ashirin da biyu a lokacin. Ya bar karatu a tsakiya, ba ya jimawa a wurin aiki, kullum suna cikin rigima da mahaifinsa, har sau biyu kawu yana cewa zai fitar masa da kaya waje. Kwatsam sai yaron ya fara noma a ɗakinsa. Ya samo 'yan rassa shida da suka riga suka yi saiwa, ya ce rama ce, ya dasa su a manyan tukwane, ya kafa musu wata baƙar rumfa mai zif, da fitila da fanka a ciki. Kwana biyu da dashen aka kira shi horon tuƙin bas na wata guda a wani gari. Ya tafi, ya bar wa mahaifiyarsa amanar ban ruwa. Tun daga ranar shukar ta fara yaushi.

"Jinin kakansa ne ya motsa," in ji kawu a talho. "Baba ya yi noma har ƙarfinsa ya ƙare. Na ɗauka abin ya tsaya a kansa, ashe yana ɓoye cikin wanga yaro. Ba ni so ya dawo ya iske sun mutu."

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya a kaina. Karatuna a kan gero ne, amma geron da ke cikin 'yan kwalabe da allon kwamfuta. A tsakiyar garin Maraɗi na tashi, gona sai dai ta tagar mota. Rama kuwa na san ta sarai, amma a kwano, an kwaɗa ta da ƙuli-ƙuli da albasa. Ban faɗa wa kawu wannan ba. Na ce masa kada ya damu, ƙaramin aiki ne.

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na shiga metro, na isa gidan kafin azahar. Hawa na biyar suke, kuma asansar, na'urar hawa bene, ya lalace. Kawu bai bari na sha ruwa ba, ya ja ni ɗakin ɗansa ya zuge zif.

Lalle suna jin jiki. Ganyen sun sunkuya, bakinsu ya ƙone, na ƙasa sun koma rawaya. Na naɗe hannun riga. Na tura yatsa cikin ƙasar, na ɗaga tukwanen ɗaya bayan ɗaya ina auna nauyinsu, na haska ƙarƙashin ganye ina neman ƙwari. Kawu yana bayana yana bin hannuna da ido kamar wanda aka shiga da ɗansa tiyata. Sai na lura da wani farin ɓawo a saman ƙasar kowace tukunya.

Na miƙe na yi gyaran murya. Na ce matsala biyu ce. Ta farko gigin dashe, domin shuka in aka sauya mata gida takan yi kwanaki ba ta gane kanta ba. Ta biyu ruwan famfon Paris, wanda kowa ya san farar ƙasa ta yi masa yawa, ga ta nan ta taru tana ƙone saiwa.

Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce, "Wani maƙwabcina ya leƙo jiya, wai ganyen ya yi kama da na tabar nan da yara ke sha."

Na yi dariya irin ta masu ilimi. Na ce rashin sani ne, ko a littattafanmu sunan da masana suka ba rama ma'anarsa mai kama da wiwi. Wannan maganar gaskiya ce, har yau tana nan a littafi. Sai dai ranar ba wurinta ba ne.

Duk wannan abin, Hajiya matar kawu tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ta ce, "Malam likita, in sun mutu ma ai ganye ne. Ka zo ka ci abinci."

Na juya na yi mata bayani a hankali, cewa shuka ma rai ne da ita, kuma ban ruwa ba zuba ruwa kawai ba ne. Matar da ta yi shekara goma sha tara a ƙauye kafin a kawo ta Faransa, ita nake koya wa ban ruwa. Ta dube ni kawai, ta koma madafa.

Yinin nan duka a kan tukwanen na ƙare shi. Muka sayo sabuwar ƙasa, na wanke saiwar kowace, na sake dasa su. Na kafa doka: ruwan kwalba kaɗai za a ba su, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa ba su don kada hannu ya yi yawa. Kawu ya ce shi ne mutumin. Ya kulle ɗakin, ya sa makullin cikin na mangaza. Daga ranar dattijo mai hawan jini ya riƙa hawa bene biyar da ƙunshin ruwan kwalba a kafaɗa.

Bayan kwana goma sha biyu, ina labo, ɗakin bincikenmu a Lyon, hotuna suka shigo. Sun miƙe. Kore shar, sababbin ganye sun buɗe kamar tafin hannu. Kawu ya biyo da saƙon murya yana sa mini albarka, ya ce ran Lahadi ya gayyaci abokansa na masallaci su zo su gani, Hajiya za ta tsinki ganyen fari ta yi musu kwaɗo.

Daɗi ya cika ni, na rasa wanda zan nuna wa. Sai na miƙa talhon ga abokiyar aikina, wata Bafaranshiya da muke teburi ɗaya. Na ce ta ga marasa lafiyar da na tayar, wani ganye ne da muke ci a gida.

Ta ƙara girman hoton. Ta dube ni. Ta sake duban hoton. Ta ce, "Kuna ci?"

Na ce ƙwarai, da ƙuli-ƙuli.

Sai da ta zauna don dariya. Da ta samu numfashi ta faɗa mini sunan abin da na yi wa jinya, ta ce rumfar da fitilar da fankar ma sun isa shaida. Sannan ta daina dariya ta ce, "Ba wata mai zuwa za ka sabunta takardar zamanka ba? Goge hotunan nan."

Na goge su nan take. Na tuna yatsuna a kan kowace tukunya. Na tuna dattawan masallaci da za su jeru ran Lahadi gaban rumfa, cikinsu har da waɗanda suka tsufa a gona, sannan a kawo musu kwaɗo.

Asabar da sassafe na sake kama hanyar Paris. Na daidaita lokacin da kawu yake mangaza. Hajiya ta buɗe mini ƙofa, ta amsa gaisuwata a gajarce, ta nuna mini kujera a madafa. Ina ta neman inda zan fara, sai ta riga ni.

"Ka gano, ko?"

Na ce, "Hajiya, kin sani?"

"Tun ranar da ya shigo da su. Wa ya taɓa dasa rama da reshe? Iri ake yafawa. Na murza ganyen na sansana, na taɓa a harshe, babu tsami ko kaɗan."

"To farin abin da na gani a tukwanen?"

"Gishirina ne. Kullum safe nake jiƙa musu. Saura kwana uku su ƙarasa, sai ga ka da jakarka."

Na rasa inda zan sa idona. Sai na tambaye ta me ya hana ta faɗa wa kawu tun farko.

Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. Ta ce, "Ka san kawunka. In ya ji, ɗayan biyu ne: ko jininsa ya hau ya faɗi, ko ya kori yaron. In ya kore shi, ina za shi? Wurin waɗanda suka ba shi rassan. Ni zan yi magana da ɗana, amma sai abin nan ya bar gidana. Kai ka tayar da su, kai za ka kwantar da su. Makulli yana hannun Alhaji, kuma maganarka kaɗai yake ji."

Na ce ba zan iya duban idon kawu in yi masa ƙarya ba.

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Ka ce masa ba za su rayu a gidan nan ba. Wannan ni na ba ka tabbaci."

Kawu ya dawo bayan azahar, ya yi murnar ganina, ya zaci zuwa na yi in karɓi yabo gaban baƙi. Ya buɗe ɗakin. Ban taɓa ganin shuka mai ƙoshin lafiya irin wannan ba. Na durƙusa, na juya ganye, na ɓata fuska, na girgiza kai. Na daɗe ina haka don ban san abin da zan ce ba.

"Lafiya?" in ji kawu.

Na ce, "Kawu, kada koren nan ya ruɗe ka. Akwai abin da ke cikinsu wanda ban gani ba wancan zuwan. In ya fito fili, ba su kaɗai zai taɓa ba, har mutanen gidan."

"Ba a ci?"

"Ko kusa. Musamman dattawa."

Ya dubi tukwanen. Sai fuskarsa ta washe, ya fita ya dawo da wata babbar jakar kaya daga cikin na mangaza. Ya ce in zuba su ciki in hau jirgi da su zuwa Lyon, in kai wa malamina, ai wanda ya koya mini ya fi ni sani. Nan take na hango kaina a tasha, da jaka a hannu, karnukan 'yan sanda suna tahowa.

Na ce, "Kawu, in na shiga da waɗannan labo, ni da labon duka za a rufe."

Wannan ta shige shi. Ya zauna a bakin gadon ɗansa, ya cire hula ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Karo na farko ke nan da yaron nan ya kama wani abu da hannunsa. Mi zan ce mishi?"

Dariyar da nake dannewa ta tafi. Hajiya ta ce daga ƙofa, "Bar ni da shi, Alhaji. Je ka kira mutanenka ka ce an fasa."

Ni da ita muka tuge su, muka daddatse, muka ɗaure a baƙar leda tare da ɓawon albasa da sauran sharar madafa. Ni na sauka da ledar. Rumfar ma Hajiya ta sa na kwance, ta ce kada ciwon ya maƙale a jikinta.

Bayan kwana uku ɗan kawun ya kira ni. Da Faransanci ya fara, da faɗa, wai wa ya aike ni. Na bar shi ya gama. Sai muryarsa ta sauka, ya koma Hausarsa mai tsalle-tsalle. Ya ce mahaifiyarsa ta riƙe shi a talho awa guda, ba ta ɗaga murya ba. Abin da ya fi tsaya masa shi ne da ta ce babansa ya kira ƙauye ya shaida wa 'yan uwa cewa ɗansa ya zama manomi. Ya ce, "Kuzan, ɗan uwana, ban taɓa jin ya ba wani labarina ba, in ba ƙara ba."

Ya gama horonsa. Yau shekarunsa da dama yana tuƙin bas, ya yi aure, kuma kawu yakan tsaya a tasha ya bar bas biyu su wuce don ya hau na ɗansa.

Ni ne dai ban fita lafiya ba. Duk taron suna ko na Salla, in aka gabatar da ni a matsayin dakta, sai kawu ya ce, "Dakta ne, amma rama shida ta gagare shi." Mutane su yi dariya, ni ma in yi. Hajiya takan ƙara mini nama a kwano ba tare da ta dube ni ba.

Da farko abin yana ci mini rai. Daga baya na ga cewa ko da bai san dalili ba, hukuncin nasa daidai ne. Na shiga gida ina amsa tambayar me ke kashe shuka, ban tsaya na tambayi wace shuka ce ba, ban kuma saurari wadda ta fi ni sani ba alhali tana tsaye a bakin ƙofa. Yanzu duk manomin da ya kawo mini matsala, nakan fara da cewa ya ba ni labari, in rufe bakina.

Kafin in rubuta wannan sai da na kira Hajiya na nemi izini, na ce ina tsoron kada kawu ya gani. Ta ce, "Rubuta abinka. Alhaji ba ya karanta abin da ya wuce layi uku a talho."