Taƙama, Sarauniyar Mato

Mato taubashina ne, don haka in na faɗi aibinsa ba mai kama ni. Ɗinkin bakin buhu ya yi a kamfanin siminti na Malbaza har ya tsufa. Ba ya dara, ba ya kallon kokowa. Wallahi mun ɗauka hankali ne ya yi masa yawa, sai ruwan farko na 1981 ya tona masa asiri.

Kun san yadda tururuwa masu fiffike ke tashi bayan ruwan farko. Kowa ya saɓa sungumi zai tafi shuka, Mato kuwa, ƙato da gemunsa, yana rarrafe a bakin hanya. Na ce, "Kai, mi ya ɓace maka?" Ya ce sarauniya yake nema. Bakwai ya kama ya saki: wai wannan namiji ne, gobe zai mutu, waccan ma'aikaciya ce kawai ta yi ƙiba. Ta takwas ya ɗora mini a tafin hannu.

Ya ce, "Dubi ƙirjinta, kamar na ɗan dambe. Ga tabon inda ta karya fiffikenta da kanta. Ita ce!"

Ya raɗa mata suna Taƙama, saboda tafiyarta. Ya kwaɓa siminti a tsohuwar tasa ya gina mata gida, da zaure da ɗakuna har da rumbu, ya rufe da gilashi, ya lulluɓe da tabarma don ba ta son haske. Ranar da ta yi ƙwai goro ya raba. Ni da na yi atishawa kusa da ita, wata guda bai amsa gaisuwata ba. Har Konni ya ɗauke ta, zuwa buro, wato ofishin likitan dabbobi, wai a yi mata rigakafi. Likita ya dube ta, ya dubi allurarsa, ya ce, "Malam, allurar ta fi ta kauri." Mato ya dawo yana kumfar baki, wai an raina ƙananan makiyaya. Matarsa Hawa'u ta ce ita dai gara wannan da yawon banza.

Kullum sai ya zuba musu 'yan ƙwayoyin hatsi. Cikin shekara uku Taƙama ta haifi dubbai, rumbunsu ya cika, kana hangensa ta gilashi.

Sai damina ta ƙi a 1984. Yunwa ta kai har matan gari suna tonon gidajen tururuwa a daji don kwashe ɗan abin da suka tara. Gidan Mato ya cika da dangi, tukunya ɗaya, baki goma sha tara. Cikinsu har da uwarsa, Inna Mariyama, wadda ta taso a ƙasa daga ƙauyensu bayan Tsarnawa, da hauya a kafaɗa da jikoki biyu. Hawa'u ta yi ta kare ɗakin da tasar Taƙama take, amma wata rana tsohuwa tana neman abin shimfiɗar salla ta ja tabarmar nan.

"Mato, wanga hatsin wa?"

"Na Taƙama ne, Inna."

"Ɗiyar wa?"

Ya yi mata bayani, har da ƙirji da tabon fiffike. Ta saurara tsaf, sannan ta buɗe masa tafin hannunta, duk ya farfashe. Ta ce, "Ni ina tonon gidajensu tun daga Tsarnawa, kai kana gina masu da siminti?" Ba ta ɗaga murya ba. Hauyar kawai ta miƙa masa.

Abu ɗaya ya roƙa, a bari ya fitar da Taƙama tukuna. Ya sa ta a kwalin alimeti, wato ashana, sannan ya fasa gidan da hannunsa. Inna ta watsa wa tururuwar toka mai zafi, ta sheƙe hatsin. Ludayi biyu da rabi aka samu. Aka dama wa yara kunu.

To, ashe sarauniya ba ta iya cin tsaba da kanta, 'ya'yanta ke tauna mata, ga shi ba ko ɗaya. Mato ya koma bayan ɗaki yana tauna hatsi, yana ɗora mata a bakin tsinke, yana cewa, "Taƙama, buɗe baki mana." Ita kuwa sai kau da kai. Rana ta huɗu na je takanas don in tsokane shi, na ma shirya abin da zan faɗa. Da na ga fuskarsa sai tausayi ya kama ni, na haɗiye tsokanar, na zauna kusa da shi.

Muna nan Inna ta leƙo. Ta ce, "Ta ci?" Ya girgiza kai.

Ta ce, "Ba ni nan, ba ka iya ba. Kai ma haka ka wahalshe ni."

Ta durƙusa da ƙyar, ta karɓi tsinken, ta shiga lallashi, tana kiranta 'yar albarka. Alhali Taƙama ta mutu tun da hantsi. Mato ya sani, ni ma na gani, ba wanda ya iya faɗa wa tsohuwa.