Tabon Mari

A barandar wani asibiti a Maraɗi, wata dattijuwa 'yar Tsibiri ta kasa zama wuri guda. Ta tashi, ta zauna, tana ta jan zanenta ƙasa don ya rufe idon sawunta, inda tabon marin da aka taɓa ɗaure ta da shi ya yi zobe. Yau likitoci sun gayyaci waɗanda suka warke daga taɓin hankali su faɗi abin da za a gyara. Da alama ko jikokinta ba su taɓa ganin tabon nan ba.

Wata ma'aikaciya ta leƙo. "Inna, in kunya ce, faɗa mini in rubuta."

"A'a, ɗiyata, takarda ajiye ta za su yi. So nike a bar ɗaure mutane."

Ta ɗage zanen, ta shiga wurin likitocin da tabon a fili.