Lemon da Baba ya ƙi sha

A lokacin da abin nan ya faru ni nas ce mai shekara shida a bakin aiki, na koma makaranta neman digiri a nan Bauchi, kuma ba zan ɓoye wa masu karatu ba, ina ji da kaina. Ni ce ta farko a gidanmu da ta taɓa sa farin kaya. Ko ciwon kai wani ya yi a dangi, ni ake kira. Ina zaune da iyayena a Gwallameji, inda Baba ya yi mana gini bayan mun taso daga cikin gari. Shi kuwa hatsi yake sayarwa a kasuwar Muda Lawal tun kafin a haife ni. Mutum ne mai barkwanci, ba ya kirana da sunana sai Likita, ko a gaban baƙi. In na ce masa ni ba likita ba ce, sai ya ce shi dai bai ga bambanci ba, tunda allurar duk zafinta ɗaya.

Ciwon suga ya kama shi shekara huɗu kafin nan, har aka kai ga sa masa allurar insulin safe da yamma. Daga ranar na ɗauke masa komai. Ni ke soka masa yatsa in gwada jininsa, ni ke zuƙo maganin, ni ke yi masa allurar, ni ke tsayawa a kan Umma in ga abin da ta zuba masa a kwano. Na kafa doka a gidan: ba suga, ba zuma, ba rake, ba lemon kwalba. Baba mai son shayi mai kauri ya koma shan ruwan bunu salam, yana yatsine fuska yana cewa ko a gidan yari an fi haka jin ƙai. Amma bai taɓa karya dokar ba, ko a bayan idona.

A shekarar ƙarshe aka ba ni aikin kundin kammala karatu. Malamar da ke duba aikina ta ce in ɗauki wani ra'i na aikin jinya, wato tsarin tunanin da masana suka shimfiɗa, in feɗe shi. Irin ra'in nan ne matsakaici, ba manyan da ke magana a kan rayuwa gaba ɗaya ba, wanda nas za ta iya shiga da shi ɗakin marasa lafiya ta yi aiki da shi. Maganarsa a kan yadda mai doguwar cuta zai kula da kansa ne, kuma ƙafa uku yake tsaye a kai. Ta farko, majinyaci ya riƙe abin da zai zaunar da lafiyarsa kullum, kamar magani da abinci. Ta biyu, ya iya sauraron jikinsa, ya gane in wani abu ya canza. Ta uku, ya san matakin da zai ɗauka da kansa in ya ga canjin, tun kafin ya iso gare mu. Wata takwas na yi ina juya waɗannan ƙafafu uku. Na rubuta shafuka a kan ƙarfin ra'in da rauninsa. Har na yi masa gyara, na ce bai yi la'akari da gidajenmu na Hausa ba, inda ciwo ba na mutum ɗaya ba ne, dangi ke ɗauka. Malamata ta ja layi a ƙarƙashin wurin ta rubuta cewa na yi tunani mai kyau, na yini ina jin daɗi.

A kan tabarmar tsakar gida nake yawancin rubutun, da la'asar, Baba na gefe yana sauraron rediyo. Wata rana ya tambaye ni me nake ta rubutawa haka kamar mai shirin kai ƙara. Na gaya masa a taƙaice. Ya ce to ai shi ma majinyaci ne, me zai hana in koya masa na'urar gwajin nan, in nuna masa lambar da ke da kyau da wadda ba ta da kyau. Ya ce mutumin da ke gane buhun masara mai ƙwari tun daga nesa ba zai kasa gane lamba uku ba. Na yi dariya. Na ce masa muddin ina numfashi ba zai soki kansa da hannunsa ba, me amfanina ke nan, kuma me mutane za su ce in suka ji mai 'ya nas yana yi wa kansa allura. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya mayar da rediyonsa kunne. A raina na ɗauka biyayya na yi. A wajenmu ɗa na gari shi ne wanda ba ya barin mahaifinsa ya ɗaga ko buta, ni kuma haka na taso na gani.

Ranar da zan kare kundin a gaban malamai, ƙarfe takwas aka ce mu hallara. Na yi wa Baba allurarsa da wuri fiye da kullum, kokon Umma ko tafasa bai yi ba. Na ce masa ya tabbata ya karya, na faɗa a gurguje ina neman takalmina, ban gaya masa dalili ba, cewa allurar nan in ciki babu abinci tana faɗar da suga. Ban taɓa gaya masa dalili ba. Ya bi ni har ƙofa yana addu'a, ya ce in je in kayar da su. Na tari keke, na kashe wayata. Bayan fitata aka kira shi cewa motar masararsa ta iso kasuwa, ya sa hula ya fita, ya ce wa Umma zai ci wani abu a can.

Sauran labarin daga bakin maƙwabciyar rumfarsa na ji shi, wata 'yar kudu mai sayar da kayan masarufi da kowa ke kira Madam, sun fi shekara ashirin suna gaisawa. Ta ce wajen ƙarfe goma ta ga ya zauna a kan buhu, zufa ta jiƙa masa riga, hannunsa na rawa. Mijinta ma yana da ciwon, don haka ta gane sugansa ne ya faɗi. Ta buɗe lemon kwalba ta kai masa da gudu, ta ce ya sha. Baba ya kawar da kai. Ya ce mata 'yarsa nas ce, ta hana shi. Ta roƙe shi, ta ce wannan karon daban ne, har ta kai masa kwalbar baki. Ya ture a hankali yana murmushi, ya ce Madam ba ta fi Likita sani ba, jirin nan ma ƙila sugan ne ya hau, zai wuce. Da maganarsa ta fara harhaɗewa sai abokan kasuwa suka kwantar da shi a inuwa suna yi masa fifita, suna ta kiran wayata. Daga baya suka kai shi gida, daga gida aka wuce asibiti.

A daidai wannan lokacin ina tsaye gaban malamai biyar ina bayanin ƙafa ta biyu da ta uku. Na ce majinyacin da aka ba doka ba a ba shi fahimta ba yana cikin haɗari. Da bakina na faɗa, aka tafa mini. Da na kunna waya bayan azahar na ga kiran da ba na iya ƙirgawa. Na same shi an sa masa ruwa, amma an makara, ƙwaƙwalwarsa ta daɗe babu suga. Kwana uku ina riƙe da hannunsa bai buɗe ido ba, a na huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwana ne ya ƙare, kuma ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Umma ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, ko da ido. Amma ni na san minti biyar ya ishe ni in ce masa: in ka ji rawar jiki da zufa da yunwa, sha abu mai zaƙi nan take. Minti biyar, a cikin shekara huɗu. Shekara uku ke nan, har yau in la'asar ta yi sai in ji kamar zan ji rediyonsa. Ina kewar yatsine fuskarsa a kan shayi, ina kewar tsokanarsa. Yanzu marasa lafiya da yawa suna ce mini likita, amma ba wanda ya iya faɗinta yadda yake faɗa. Kundin yana cikin akwati da sakamako mai kyau a jikinsa, ban sake buɗe shi ba.

Abin da na koya shi ne, yi wa mutum komai ba shi ne kula da shi ba. Ina kira ga 'yan uwana ma'aikatan lafiya, da duk mai jinyar uwa ko uba a gida: kada ku tsaya a kan hani, ku faɗi dalili. Ku koya musu alamomin, ku sa na'urar a hannunsu, ku bari su gwada a gabanku ko da hannun na rawa, domin akwai ranar da ba kwa kusa. Yanzu duk mai suga da ya zo hannuna, ba ya tafiya sai ya maimaita mini abin da zai yi in jikinsa ya fara rawa, kuma sai na ga alewa ko dabino a aljihunsa. Tsofaffi sukan yi dariya su ce yau ga nas mai ba da alewa. Nakan taya su dariyar, ba na gaya musu cewa mahaifina ya rasu da lemo a gaban bakinsa, yana yi mini biyayya.