Shekara Biyar da Na Ƙara wa Dogo

Mun tashi da asuba daga Fagge, ni da Yayana, Hajiyarmu na tsaye a bakin ƙofa tana jero mana addu'a har mota ta sha kwana. Wannan ce tafiyata ta farko zuwa China. Shi Yaya ya saba, duk shekara yana zuwa saro wandunan jins, ni kuwa ya ɗauke ni ne in taya shi zaɓar na mata in kuma buɗe ido. Ku da kuke bibiyar shafina kun san ni da rubuce-rubucen soyayya. Wannan karon ba irinsu na kawo muku ba, kuma da ƙyar na iya zama na rubuta.

Sai na fara gaya muku waye Dogo. Ɗan maƙwabtanmu ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Muna firamare mahaifinsa ya samu aiki a Amurka, ya kwashe iyalinsa suka tafi. A can yaron ya zama ƙato, ya shiga ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita ana bangazar juna. A jami'a ya yi suna, har aka ce bana manyan ƙungiyoyi za su ɗauke shi. Tunda na ga hotonsa da hular kwano a hammata yana murmushi, na gina mana gida a zuciyata, na yi masa fenti, na rataya labule. Shi kuwa sau ɗaya ya taɓa amsa saƙona, da barka da Sallah.

A Addis Ababa muka yi dogon zaman jiran jirgi. Yaya ya miƙe a kujera yana barci, ni kuma na shiga tona tsofaffin hotuna a waya. Na ci karo da wani na ranar Sallah, mu yaran layi a ƙofar gidanmu, Dogo ya fi kowa tsawo, ina tsaye a gefensa. Nan take zuciyata ta narke. Na ɗora hoton a shafina, na maƙala sunansa, na rubuta da Hausa da Turanci cewa ga gwarzon da ya girme ni da shekara biyar, wanda yake riƙe hannuna ya tsallakar da ni titi zuwa makaranta. Ko ɗaya ba gaskiya ba ne. Amma a duk littattafan da na taso ina karantawa, ban taɓa ganin saurayi sa'an budurwarsa ba, dole ya ba ta shekaru, ya riƙa ce mata ƙanwata. Na lumshe ido na karanta abina sau uku, aka kira jirgi.

Guangzhou ta tarbe mu da yayyafi da wani zafi mai danƙo, kamar an rufa wa mutum jiƙaƙƙen bargo. Wanda ya zo ɗaukarmu kawun Dogo ne, ƙanin mahaifiyarsa, ya daɗe a garin yana yi wa 'yan kasuwarmu jagora da lodin kaya. Duk Bahaushen da ke Xiaobei, unguwar da baƙaƙen fata suka fi sauka, Kawu yake ce masa. Tituna sumul, gadoji a kan gadoji, ga babura masu lantarki da ba sa ƙara, sai dai ka ji iska ta wuce ta gefen kunnenka. Ba mai taɓa takardar kuɗi, ko mai sayar da ayaba waya ake haska masa. Abincinmu na farko taliya ce da ake ja da hannu a shagon wasu Musulmin China, kwano guda bai kai kuɗin shawarma a Zoo Road ba. Na nemi ruwan sanyi, yarinyar ta ce "meyo", wato babu, ta dire min ruwan zafi. Wayata kuma ta zama dutse: shafukanmu duk a toshe suke a can sai da wata manhaja ta musamman, tawa kuwa ta ƙi tashi.

A kan taliyar nan Kawu ya yi mana karatun zaɓen 'yan wasa. Ashe ba kamar ƙwallon Turai ba ne da yaro zai je ƙungiyar da ta yi masa. A can ƙungiyoyi ne ke zaɓa bi da bi, wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka, yaro kuma yana zaune da iyayensa yana jiran waya ta yi ƙara. Wanda aka kira ranar farko ya haye. Ya ce watannin nan da ba a buga wasa su ne mafi haɗari, don 'yan sharhi ba su da abin yi sai tone-tone. An auna tafin hannun yaro, an auna gudunsa, an tambayi malamansa, kuma ƙaramar magana tana iya sa ƙungiya ta ja baya.

"Musamman mu 'yan Afirka," in ji shi. "Kullum zarginsu muna rage shekaru. Shi ya sa na ce wa dangi kowa ya kama bakinsa sai an wuce Juma'a."

Yaya ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa. Wallahi ko a raina ban haɗa wannan da rubutuna ba, ina can ina tunanin kalar leshin da zan saka ranar bikinmu da Dogo.

Kwana biyu muka yi muna yawo a baje kolin Pazhou. Rumfa ɗaya ta kai unguwa guda, ƙafafuna har suka kumbura. Kowa ka kalla sai ya miƙo maka kati da hannu biyu yana "lawban, lawban", wato maigida, har ni da ban mallaki ko teburi ba. Ranar Alhamis muka tafi Xintang, garin jins. Ban taɓa ganin shuɗi irin na nan ba. Tsofaffi mata na zaune a ƙofar shaguna da ɗan almakashi suna tsinke zare, wanduna jibge a gabansu kamar dalar gyaɗa, kekuna masu ƙafa uku na wucewa da kaya sun fi direba tsawo. Yaya da mai shago suka yi ta ciniki da na'urar lissafi, wannan ya danna ya miƙa, wancan ya dafe ƙirji ya goge.

Muna cikin haka wayar Kawu ta yi ƙara. Ya fita, ya dawo fuskarsa a murtuke. Ya ce 'yar'uwarsa ce daga Amurka, tana kuka. Wai wata ta rubuta cewa Dogo ya girme ta da shekara biyar, 'yan tone-tone suka shiga shafinta suka ga hoton kek ɗin zagayowar haihuwarta da ashirin da uku a kai, suka yi lissafi. Yaron da takardunsa suka ce ashirin da biyu ya koma ashirin da takwas. An yi ta yaɗawa, har masu sharhi sun ɗauka.

"Allah Ya isa tsakaninmu da ita, ko wace ce," in ji Kawu.

"Amin," in ji Yaya da ƙarfi.

Wandon da ke hannuna ya faɗi. Na duƙa ɗauka na daɗe ban ɗago ba.

Da muka koma masauki wata Hajiya 'yar Maraɗi da ke ɗakin kusa da nawa ta gyara min manhajar. Saƙonni suka yi ta zubowa har wayar ta ɗau zafi. Ga hoton Sallarmu a shafukan mutanen da ban san su ba, an zagaye kan Dogo da jan layi. Na goge rubutun da sauri, amma kowa ya riga ya ɗauki hotonsa. Sunan da nake amfani da shi a shafi ba nawa na gaskiya ba ne, don haka na ce a raina wataƙila in tsira. Na yi shiru. Wannan shirun ya fi rubutun ba ni kunya yanzu.

Daren Alhamis na Amurka, lokacin da ake fara zaɓen, safiyar Juma'a ce a Guangzhou. Kawu ya kama wani gidan abinci na 'yan Afirka a saman bene, aka kawo ƙosai da kunun gyaɗa, aka jona kwamfuta da talabijin. Kanawa da 'yan Maraɗi da 'yan Yamai suka cika wurin, kowa sanye da farar riga mai hoton Dogo. Ba a sa sunan ƙungiya ba tunda ba wanda ya san inda za ta faɗa. Yawancinsu ko dokar wasan ba su sani ba. Wani Alhaji ɗan Maraɗi yana ta tambaya, "To wai ina golan yake?" Duk sanda wani mutum mai kwat a talabijin ya hau dandamali da kati a hannu, sai ɗakin ya yi tsit, ya kira sunan wani, a yi tsaki a koma shan kunu. An taɓa hasko Dogo sau ɗaya, yana zaune a falo kusa da mahaifiyarsa, waya a kan gwiwarsa, yana kallonta. Na sha ganin jarumi cikin damuwa a littafi, yana yi masa kyau. Wannan bai yi kyau ba, yaro ne kawai a tsorace.

Aka kira na ƙarshe wajen hantsi, ba shi ba ne. Can Alhajin Maraɗi ya zaro wayarsa ya ce bari ya ga fuskar wadda ta yi wannan aika-aika. Wayar ta zagaya har ta zo hannun Yaya. Ya ƙura mata ido, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Wannan ai ƙofar gidanmu ce," ya ce a hankali. Ya juyo. "Ke. Waye yake da hoton nan in ba ke ba?"

Na so ƙasa ta tsage, amma muna hawa na uku. Na ce ni ce. Kawu bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, me ya yi miki?" Na ce ba komai. Ya ce to me ya sa. A gaban dattawa sama da ashirin, da rigar Dogo a kan abayata, na rasa yadda zan ce don labarin ya yi daɗi ne. Hajiyar Maraɗi ce ta gane, ta riƙe baki ta ce, "Wayyo, son shi take."

Haka muka tafi Masallacin Huaisheng sallar Juma'a. Tsohon masallaci ne mai rufi irin na gidajen China, da wata doguwar hasumiya mai santsi. A ɓangaren mata na zauna tsakanin wata tsohuwa 'yar China da wata Balarabiya, na yi ta hawaye, tsohuwar ta miƙo min tishu ba tare da ta kalle ni ba. Da aka sallame na tarar da Kawu a bakin titin Guangta yana jirana. Ya ce dangi sun riga sun aika wa ƙungiyoyi duk shaidar da ake buƙata, amma bakin da ya ɓata shi zai gyara. Ya miƙa wa Yaya waya ya ce ya ɗauke ni bidiyo a ɗora a shafina.

"Faɗi yadda aka yi. Ban da ado."

Na tsaya mutane na wucewa da dardumansu, na faɗa da Hausa na maimaita da Turancina mai tuntuɓe. Na ce ni na girmi Dogo da watanni, ranar sunansa ina goye a bayan Hajiyarmu. Na ce bai taɓa riƙe hannuna ba. Yaya ya leƙo ta bayan waya ya ce, "Faɗi na ƙosan." Na ce abin da ya taɓa haɗa mu shi ne ina tare shi a zaure in ƙwace masa ƙosai, ya tafi gida yana kuka. Kawu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa, ban sani ba dariya ce ko akasinta.

Washegari da safe muka koma gidan abincin don rana ta biyu ta zaɓen, mutane ba su kai rabin na jiya ba. Na zauna can baya kusa da kicin. Sai da aka kusa tashi, Kawu har ya fara naɗe wayar caja, aka kira sunan Dogo. Alhajin Maraɗi ya yi kabbara ya kifar da kunu. A talabijin mahaifiyarsa ta faɗi ta yi sujada. Kawu ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Daga baya na tambaye shi ko rubutuna ne ya hana a kira shi ranar farko. Ya ce Allah kaɗai Ya sani, ƙungiyoyi ba sa faɗin dalili, wasu ma sun ce gwiwarsa suke tsoro. Na so ya ce ba ni ba ce. Bai ce ba.

Sauran kwanakin na yi su ina ƙirga wanduna a sito ba tare da an sa ni ba. Muna filin jirgi za mu taho saƙon murya ya shigo, daga Dogo. Shekara nawa ina mafarkin wannan rana. Na sa a kunne. Hausarsa ta yi tsatsa, amma na ji komai: "Yaya, na ga bidiyon. Ba komai, ya wuce. Ki gaida Hajiya. Kuma don Allah ki daina ƙwace wa yara ƙosai."

Mun sauka Kano da la'asar, kaya na biye da mu ta ruwa. Na koyi cin taliya da tsinke, na koyi cewa ruwan zafi ma yana kashe ƙishi, na kuma koyi cewa mutumin da ke cikin hoto yana da uwa da kawu da ranar da yake jira, ba jarumin da zan yi wa ƙari yadda na ga dama ba ne. Hajiyarmu ta riga ta ga bidiyon, duk layinmu sun gani. Tana ganina ta ce, "Sannu da zuwa, yayar Dogo." Sunan da ake kirana da shi ke nan a Fagge yanzu, kuma ina amsawa.