Tagogin da Malam ya huda

Sai da na yi aure na san akwai fayil ɗin da ba ya ajiye komai. A gidan rediyon da na koyi karanta labarai, fayil abu ne mai marfi: ka sa takarda a ciki, ka dawo baɗi ka same ta.

Mijina marubucin manhajar kwamfuta ne. Da na bar zuwa ofis na koma naɗar shirye-shirye daga gidanmu a Unguwar Sanusi, ya samo mini wata tsohuwar na'urar haɗa sauti da wata tasha ta jingine. Kwamfutarmu ba ta gane ta ba. Sai ya rubuta mata ɗan guntun shiri, ya cusa shi can cikin ƙuryar tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, wurin da suke kira kanel. Ya ce ba a shiga wannan ƙurya kai tsaye, ko kai ne mai kwamfutar. Don haka ya huda tagogi: kowane saiti ya fito da shi waje da siffar fayil, ya raɗa masa suna da Hausa. Akwai kauri, akwai kaifi, akwai wanda ya kira sanyin safe. Ka buɗe, ka ga lamba. Ka rubuta wata, nan take sautin ya canza.

Na tambaye shi, "Malam, ina ake ajiye su?"

"Ba a ajiye su, Hajiyar labarai. Taga ce, ba akwati ba. Kin leƙa kin yi tambaya, na ciki ya ba ki amsa. Kin kashe kwamfuta, na ciki ya manta."

"Kamar kai ke nan, in na ce ka taho da manja."

"Ni ai ko ba a kashe ni ba mantawa nake."

Kowace safiya kafin ya fita, sai in zauna gaban makirufo in karanta jimla ɗaya, shi kuma yana tsaye bayana da kofin shayi, yana sauraro ido a rufe. Ya miƙa hannu ta saman kafaɗata ya sauya lamba ɗaya ko biyu. Shekaru muna haka. Kwamfutar ba a kashe ta, tana kan batirin sola, shi ya sa ban taɓa ganin mantuwar da yake faɗa ba.

Ranar da ya tafi asibiti da ƙafarsa, mura nake yi. Ya saurare ni, ya ce yau muryata kamar ta mai tallar gawayi, ya gyara lambobin, ya ɗauki hularsa. Bai dawo gidan ba sai a makara.

A makon farko na takaba na tuna da kwamfutar. Na buɗe kauri, ya ba ni amsa. Na buɗe sanyin safe, shi ma ya amsa. Na san sarai ba shi ke magana ba. Amma lambobin nan hannunsa ne ya sa su, kuma muddin fankar kwamfutar na juyawa, suna nan yadda ya bar su.

Damina ce, rana ba ta fitowa sosai, batirin kuma ya tsufa. Na cire firji. Na daina kunna fankar ɗaki. In aka ɗauke wuta sai in zauna ina kallon 'yar fitilar batirin tana komawa ja.

Wata abokiyar aikinsa, 'yar kudancin Kaduna da ke zaune a Narayi, ta zo mini gaisuwa bayan ta taso daga coci. Ta gan ni ina zufa, ta ga firji a buɗe ba komai, ta gane. Ta buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya ta ɗauki hotonsu da waya.

Ta ce, "Anti, ga su nan duka. Ko kwamfutar ta mutu yau, gobe mun mayar da su. Kunna fankarki."

"Na sani."

"To me kike gadi?"

"Waɗanda ke wayarki ke kika ɗauka. Waɗannan shi ya rubuta."

Ta ɗauki mafici ta zauna kusa da ni.

Wata ranar da aka wuni ana ruwa, ina sallar la'asar na ji ƙaramar ƙara daga ɗakin aiki, sannan shiru. Na idar da sallata. Ban tashi daga kan darduma ba sai da aka kira magariba.

Washegari aka kawo wuta, na kunna kwamfutar. Fayilolin suna nan da sunayensu, amma lambobin wasu ne dabam. Na kira abokiyar aikin nan tasa a waya na karanta mata.

Ta ce, "Anti, waɗannan su ne na asali. Su ne Oga, mijinki, ya dasa a cikin shirin ran da ya fara rubuta shi. Duk sanda kwamfutar ta tashi, da su take farawa."

Na sa abin sauraro a kunne na karanta jimlar da na saba. Muryar ta fito siririya, kaifinta ya yi yawa, ba ta zauna ba. Saitin wata mata ne da ba ta kai ni shekaru ba, wadda ba ta daɗe da barin gidan rediyo ba, mai saurin magana. Ita ya saurara ran da ya fara rubuta shirin. Na daɗe da manta cewa na taɓa yin wannan muryar.

Da na fita takaba na rubuta lambobin da ke hoton wayar. Su ma ba su dace ba, don na mai mura ne. Yanzu ni ke sauraron kaina da safe, in miƙa hannu in gyara. Na iya kauri, na iya kaifi. Sanyin safe ne har yau ban san me yake gyarawa ba, ban kuwa taɓa tambayarsa ba.